Jinin da Ya Ƙi Jin Maganar Nata'ala

Duk namijin da aka haifa a Zangon Lome kafin rusau, da wuya in bai bi ta hannun Nata'ala wanzami ba. Shi ke aski ranar suna, shi ke cire wa jariri beli, shi ke kaciya, shi ke kafa ƙaho in jiki ya yi wa mutum nauyi. Kakansa ne ya taso daga Katsina da zabira a kafaɗa cikin ayarin 'yan goro, ya yi ta yin kudu har teku ta tsayar da shi. Nata'ala kuwa ko ƙofar Katsina bai taɓa gani ba, amma in yana ba ka labarinta sai ka rantse jiya ya baro ta. Gajere ne kakkaura, ga surutun tsiya. In ya kama kanka yana aski, kafin ya gama ka san wanda ya yi aure, da wanda ya yi saki, da abin da liman ya karya da shi. Yana jin yaren Mina na mutanen garin kamar a bakin teku aka yanke masa cibiya, Faransanci kuwa daga "bonzur" sai "mersi", nan ya tsaya.

Abin da ya yi suna a kai shi ne tsayar da jini. Yana da wani gari na bagaruwa da ya haɗa da abin gado, yana da addu'arsa, yana kuma da wani babban yatsa mai faɗi kamar cokali. Mahauci ya sare hannu, birkila ya faɗo daga gini, mace ta taka kwalba, ba a neman kowa sai shi. Zai barbaɗa gari, ya danna yatsa, ya motsa baki, ya ɗaga, shi ke nan. Sai ya dubi masu kallo ya ce, "Ni jini yana jin maganata." Alfahari ne, ba musu, amma wallahi ba a taɓa ƙaryata shi ba sai sau ɗaya.

A shekarar da aka samu 'yancin kai ne. Ya tara yara goma sha biyu a wata safiya don kaciya, cikinsu har da ɗansa na fari, Buraima, mai shekara bakwai. Sha ɗaya suka tashi lafiya, ana ta ba su kaji suna ƙiba. Na Buraima ya ƙi tsayawa. Ba wai tsartuwa yake yi ba, a'a, tsattsafowa yake a hankali, a share ya dawo, a ɗaure ya jiƙa tsumman. Nata'ala ya ƙarar da garinsa, ya karɓo na abokan sana'a, ya sa malamai suka yi rubutu. Yatsansa ya sandare don danni. Rana ta uku bayan la'asar yaron ya yi fari fat, ya nemi ruwa, kafin a kawo ya cika.

Zango ta yi maganarta, kamar yadda ta saba. Wasu suka ce wani wanzami ne ya yi masa jifa, wasu suka ce askar ce ba a wanke ba. Shi kuwa tuni ya yanke wa kansa hukunci: hannunsa ne ya zarce. Matarsa Hajara ba ta ce masa uffan ba, ba ta yi yaji ba, ba ta fasa yi masa tuwo ba. Abu ɗaya ne ya canza. Daga ranar ba ta ƙara miƙa masa wani abu hannu da hannu ba. Ko goro ne, sai ta ajiye a tabarma ya ɗauka. Ya lura, bai taɓa tambaya ba, don ya san amsar. Ya ci gaba da sana'a saboda ita ce abincinsa, amma ya rantse askarsa ba za ta ƙara taɓa jininsa ba.

Bayan Buraima, mata biyu Allah ya ba su, Barakatu da Hannatu. Barakatu ta yi lekol, wato makarantar boko, har ta iya Faransanci sosai, ta samu aikin tsaron shagon atamfa a kasuwar Adawlato. Ana nan aka rushe tsohuwar Zango da ke tsakiyar gari, aka kwashe mutane zuwa can arewa, bayan gari, inda in kana son kasuwa ko asibiti sai ka yi doguwar tafiya a mota. A sabuwar Zangon Barakatu ta haihu. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu a hanyar Wagadugu tana da ciki wata shida, don haka a gidan iyayenta ta sauka, a nan kuma ta zauna. Aka sa wa yaro Idrisu.

Ranar suna Tchakoura ne ya yi askin. Tchakoura Bakotokole ne daga Sokode, a hannun Nata'ala ya koyi wanzanci tun yana saurayi, yanzu shi ma gemunsa ya fara fari, amma har gobe "Maigida" yake ce masa. Hannunsa mai kyau ne. Sai dai askar ta ɗan ƙwarzani bayan kunnen jaririn, abin da bai kai ƙwayar gero ba. Wurin nan bai bushe ba sai washegari da azahar. Mata suka ce ai fatar jariri ce. Nata'ala ya leƙa ya ga yadda jinin ke tsattsafowa. Ya san wannan tafiyar jinin, ya taɓa zama da ita kwana uku. A take ya ce ba za a cire wa yaron nan beli ba, kaciya kuma sai ya faɗa.

Idrisu ya taso yaro mai wayo da dariya, amma jikinsa kullum da tabo. In ya yi karo da turmi, gobe wurin ya yi baƙi ya kumbura. In ya yi tsalle daga dakali, gwiwa ta cika tam, ya kwana biyar yana jan gindi. Hajara kuwa ta ɗauki son duniya ta ɗora masa, "maigidana" take kiransa, shi kuma ya ce mata tsohuwa ba ya so. Ya kai shekara bakwai, sa'o'insa duk an yi musu kaciya, shi yana nan. Jikan Nata'ala fa! Yara suka fara yi masa waƙa a bakin famfo. Hajara takan ce, "Malam, abin da ya faru ya faru. In kai ba za ka iya ba, ga Tchakoura. Tsoronka ne zai hana yaro zama mutum?" Shi dai sai ya ce, "A bar shi tukuna."

Haƙorin Idrisu ne ya kai su asibiti. Na gaba ya fita, bakin ya yi kwana biyu yana jini. Barakatu ta ce ita kam za ta kai ɗanta wurin likita, ko an yarda ko ba a yarda ba. Nata'ala ya bi ta yana gunaguni, wai shi da ake kawo wa masu jini yau shi ne zai kai. Suka faɗa hannun wani likita ɗan ƙasa, matashi, bai daɗe da dawowa daga karatu a Faransa ba. Ya ɗibi jini, ya sa suka dawo bayan mako guda, ya zaunar da su. Yana faɗa da Faransanci, Barakatu tana juyawa.

Ya ce akwai wani abu ɗan kaɗan a cikin jinin kowa, shi ke sa jini ya daskare ya toshe rauni. Idrisu an haife shi babu wannan abu. Nata'ala ya ce wa Barakatu, "Tambaye shi, kamar madarar da ba a sa wa tumfafiya ba ke nan? Ko an kwana ana dafawa ba za ta daskare ta zama cukun wagashi ba?" Likita ya yi dariya ya ce wallahi ko malaminsu bai faɗa da kyau haka ba. Ya ce don haka kada a yanke shi, kada a tsaga shi, ko gwiwa ta kumbura kamar tulu kada a taɓa, a ɗaure a kwantar da shi a kawo shi.

"To a sa masa tumfafiyar mana," in ji Nata'ala.

Likita ya ce akwai ta, amma ba a nan ba. A Turai ana tace ta daga jinin mutane masu yawa, a zuba a 'yan kwalabe, a ajiye cikin sanyi, a riƙa yi wa mai ciwon allura duk sanda jini ya ɓalle. Shi tunda ya dawo gida bai ga kwalba ko ɗaya ba. Sannan ya jawo wata mujalla ya buɗe musu wani shafi. Hoton wani farin ɓera ne a tafin hannun mutum. Ya ce masana suna neman hanyar samar da abin ba tare da jinin mutane ba, don ya wadata, kuma a jikin irin waɗannan ɓeraye suke gwadawa. In ya yi kyau a kansu, wata rana zai iso ga mutane.

"Wata rana yaushe?"

Likita ya buɗe hannuwa. Shekara goma, ko ashirin, Allah ne masani.

Nata'ala ya ƙura wa ɓeran ido. Ga shi nan sumul, an riƙe shi kamar ɗan sarki. Ya ce, "Ikon Allah. Ɓera ya samu, jikana bai samu ba." Idrisu kuwa hoton ya burge shi, ya yi ta shafawa, har likita ya yage shafin ya ba shi.

Sai da suka fito bakin ƙofar asibiti abin ya sauko masa. Ya ce, "Barakatu, marigayi wanki fa? Shi ma haka ne?" Bai kira sunan ba, ɗan fari ne. Ta ce ta tambaya, likita ya ce babu shakka. Tsohon nan ya tsuguna a gefen titi, gaban masu sayar da lemo, ya fashe da kuka kamar yaro. Shekara kusan talatin yana kallon hannunsa na dama kamar maƙiyi, ashe ba hannun ba ne. Ya ce su yi sauri su koma gida, yana so Hajara ta ji da kunnenta.

Barakatu ba ta motsa ba. Ta ce, "Baba, akwai sauran abin da ban juya maka ba." Likita ya ce maza ciwon ke kamawa, amma ta wurin uwa yake bi. Mace tana ɗauke da shi lafiyarta ƙalau, ta ba ɗanta. Ita ta ba Idrisu, ita kuma daga Inna ta samo. Nan take Nata'ala ya tuna ƙannen Hajara maza biyu da suka rasu suna yara a Atakpame, ɗaya bayan an cire masa beli, ɗaya daga faɗuwa a kan dutse. Ba wanda ya taɓa haɗa su da Buraima.

To, a nan ne ya yi kuskuren da ya fi kowane girma a rayuwarsa, kuma don tausayi ya yi shi. Ya ga in ya sauke kayan nan daga kansa, a kan Hajara zai ɗora. Ga ta da hawan jini. Ga bikin Hannatu saura wata huɗu, kuma ya san bakin Zango: in aka ji cewa matan gidan Nata'ala suna haifar maza masu zubar jini, ko almuru ba za a kai ba dangin ango za su aiko a fasa. Ya share hawaye ya ce, "Na riga na saba da kayana, a bar mini. Ki rantse ba za ki faɗa wa uwarki ba." Ta yi gardama, ya haɗa ta da girman Allah, ta rantse. Da suka isa gida, abin da ya ce kawai shi ne likita ya ce jinin yaron bai da ƙarfi, kada a sa masa aska. Hajara ta taɓe baki. A ganinta tsohon tsoron nan ne Malam ya je ya samo wa takardar asibiti.

Idrisu ya liƙa hoton ɓeransa a bango. Ya kuma kafa doka a gidan: ba a ɗana tarko. In ya ga kakarsa ta ɗauko, sai ya ɓoye shi a cikin rariya. Ta ce, "Kai maigida, ɓerayen da ke cinye mini gari su ne danginka?" Ya ce, "Magani suke gwada mini." Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta dubi Malam don ya taya ta. Malam ya tashi ya ce zai je masallaci.

Bai zauna haka ba, a gaskiya. Duk wanda aka ce yana zuwa Faransa, Nata'ala ya je gidansa da sunan maganin a rubuce a takarda. Wani ya ce bai samu ba, wani ya ce sai da takardar likitan can, wani ya ce ko an ba shi zai lalace kafin jirgi ya sauka. Wani ma ya manta ne, ya kawo masa turare.

Ranar da abin ya faru, cikin watan Janairu ne, ana shirin bikin gwamnati na shekara. Lokacin jam'iyya ɗaya ce, in aka ce matan kasuwa su fito gwajin rawa da waƙa, ba mai cewa tana da uzuri, don haka tun da sassafe Barakatu ta ɗaura atamfar jam'iyya ta tafi. Nata'ala kuma ya ji labarin wani Alhaji a unguwar Djidjolé da zai tashi zuwa Faransa jibi, ya ɗauki takardarsa ya nufi can. Gwiwar Idrisu ta kwana biyu a kumbure, ya bar shi a kwance da ɗauri. Da hantsi ciwon ya tsananta. Yaro ya yi ta ihu yana kiran kakarsa, gwiwa ta yi zafi tana sheƙi. Hajara ta shekara arba'in a gidan wanzami, ta ga irin wannan kumburi sau ɗari, ta kuma san maganinsa: mataccen jini ne ya taru, a kafa ƙaho a zuƙe shi, mutum ya miƙe. Ta aika aka kira Tchakoura.

Da ya zo, ya ce, "Inna, Maigida ya hana." Ta ce, "Kaciya ya hana. Kai ma ka san abin da ke damun Maigidanka. Dubi yaron nan, ka ji tsoron Allah." Ya duba, ya ga abin da aka koya masa ya gani. Ya kafa ƙaho huɗu kewaye da gwiwar, ya tsattsaga ƙarƙashin kowane, ya zuƙa ya toshe da kaki. Jini ya fito, Hajara ta ce alhamdu lillahi, ga mugun abin nan yana fita. Aka cire ƙaho, aka shafa gari. Aka share, ya dawo.

Nata'ala ya shigo da azahar, bai ma samu ganin Alhajin ba. Tun daga zaure ya ga ƙwarya da tsummoki ja. Bai yi faɗa ba, bai tambayi kowa ba, ya zube a gaban yaron ya ɗora hannuwa. Tsaga ta fi ashirin, yatsunsa goma ne. In ya danne nan, can ya tsattsafo. Tchakoura yana durƙushe yana cewa, "Maigida, wallahi yadda ka koya mini na yi, ban zurfafa ba." Nata'ala ya ce, "Na sani. Je ka nemo mota."

Kafin a samu taksi an yi la'asar. Babban titi kuma an tare shi saboda masu gwajin maci, sai da direba ya zaga ta unguwar Totsi, ta cikin rairayi, mota tana kafewa ana turawa. Nata'ala yana baya da yaron a cinya, hannuwansa biyu a kan gwiwar, bakinsa yana karanta addu'ar da ta tsayar da jinin rabin Zango. Idrisu ya daina kuka, leɓɓansa sun yi fari. Ya buɗe ido ya ce, "Kaka, ɓerayen sun gama gwadawa?"

"Sun kusa, abokina."

"Ka ce su yi sauri."

Likitan nan ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa. Abin da yake da shi kawai shi ne sabon jini, a ɗiba daga mutum a ƙara wa yaron. Aka ɗauko Barakatu daga filin rawa da atamfarta a jiki, aka ɗibi nata. Tchakoura ya bayar, mahauta biyu da Nata'ala ya taɓa tsayar wa jini suka zo suka bayar. Na Nata'ala aka ce ya tsufa. Jinin yakan lafa na ɗan lokaci, a fara murna, ya dawo. Kwana biyu ana haka. Safiyar rana ta uku, wajen ƙarfe tara, Idrisu ya cika.

Bayan sadakar uku, da mutane suka watse, ya tarar da Hajara zaune a ɗakin yaron ƙarƙashin hoton ɓeran. Ba ta ci komai ba tun ranar. Ta ce, "Malam, ni na kashe shi. Ka hana, na ƙi ji." Ya so ya ce ƙaddara ce ya wuce. Amma Hannatu tana gab da shiga ɗakin miji, ita ma wata rana za ta haifi namiji, wata tsohuwar mai tausayi za ta kira wanzami. Ya zauna a ƙasa ya faɗa mata duka: madara da tumfafiya, ƙannenta biyu na Atakpame, ɗansu na fari, da rantsuwar da ya sa Barakatu ta yi.

Ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Sannan ta ce, "Shekara talatin ina tsine wa hannunka a zuciyata, ka sani?"

"Na sani."

"Ka bar ni ina yi." Ta girgiza kai, hawaye suna zuba. "Kai ka ga ba zan iya ɗauka ba ne? Malam, da ka faɗa mini, ai da a bakin ƙofar nan zan kwana da taɓarya. Ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba."

Ta miƙe ta ɓamɓare hoton daga bango a hankali don kada ya yage, ta ninke, ta kamo hannunsa na dama ta sa masa a ciki. Rabon da hannunta ya taɓa nasa haka tun Buraima yana da rai.

Daga nan Nata'ala ya kyautar da ƙahonninsa, ya bar kaciya, ya koma aski kawai a gindin wani mangwaro kusa da masallaci. Surutun ma ya tafi. Takardar nan mai hoton ɓera tana cikin zabirarsa, a inda garin bagaruwa yake zama a da. In aka ce masa wanda yake yi wa aski ɗan makaranta ne, ko ya dawo daga Turai, sai ya dakata da askar, ya warware ta a kan gwiwa ya nuna masa, ya ce, "Ɗana, kai da ka yi karatu, ko ka ji an gama da ɓerayen nan? 'Yata Hannatu tana da ciki."